Yadda ake cin abinci mai araha a shagon 'yan Meksiko ba tare da ka ci alade ba

Na sha raka baƙi sabbin zuwa daga gida shagunan abincin 'yan Meksiko da ke Bronx a birnin New York, kuma kusan kowa wuri ɗaya yake tuntuɓe. Abincin yana da sauƙin kuɗi, yana cika ciki, yajinsa ma ya yi kama da namu. Matsalar ita ce alade da kitsensa sun shiga inda ba ka zato.

Da farko ka bar manyan wuraren nan masu ado. Nemi ɗan shagon da aka rubuta taquería a ƙofarsa, wanda leburorin gini ke cika shi da tsakar rana. Nan ne abinci yake da albarka. Ka riƙe tsabar kuɗi, don wasunsu ba sa karɓar kati.

Kana shiga za ka ga nama an jera shi a tsaye jikin ƙarfe yana juyawa gaban wuta, da abarba a samansa. Idonka zai ce shawarma ce. Kada ka kuskura. Sunansa al pastor, kuma alade ne. Kamannin ba haɗari ba ne: 'yan Lebanon da suka yi ƙaura zuwa Meksiko, musamman garin Puebla, su suka kai wannan salon gashi da naman rago, daga baya mutanen ƙasar suka mayar da shi na alade. Wani ƙanena ya nuna shi da yatsa, har an yanko an zuba masa kafin na juyo. Ranar bai iya cin komai ba, ni ma abin ya tsaya min a rai, domin ni na kawo shi ban kuma gargaɗe shi ba.

Saboda haka ka haddace waɗannan tun daga gida: carnitas, chorizo, longaniza, chicharrón, buche, cochinita. Duk alade ne. Asada naman sa ne, pollo kaza, lengua harshen sa, birria kuwa asalinta naman akuya ne daga jihar Jalisco, ko da yake a Amurka da naman sa aka fi yinta. Maganar yanka kowa ya bi abin da malaminsa ya karantar da shi. Ni dai kifi nake ci, wato pescado, ko camarón, jatan lande.

To ga inda ko masu wayo suke faɗawa: kitse. Kalma ɗaya ce, manteca, man alade. Mutum zai ce a ba shi wake da shinkafa don ya kauce wa nama, alhali dakakken waken nan da ake kira refritos da manteca aka saba soya shi. Tamales ma, wato ƙullin masara da ake naɗewa a ganye a turara, da shi ake kwaɓa ƙullinsu. Tortilla, wato siririyar gurasar da ake naɗe abincin da ita, ta fulawa sau da yawa akwai shi a ciki, ta masara kuwa garin masara ne da ruwa, don haka ita za ka nema, de maíz. Ka tambaya kai tsaye: "¿Tiene manteca?", wato "Akwai man alade a ciki?" Kada ka ji nauyi, sun saba, kuma yawancinsu mutanen kirki ne da za su faɗa maka gaskiya. Sannan ka leƙa farantin ƙarfen da ake suya a kai. Idan wuri ɗaya ake juya chorizo da kifinka, ka roƙa a goge a soya maka a gefe. In suka ƙi, ka yi godiya ka fita, shaguna ba su ƙare ba.

Taco, wato tortilla da aka zuba nama ko kifi a ciki, guda uku sun ishi babban mutum. Albasa, ganyen cilantro da lemun tsami kyauta ne. Guacamole, wato markaɗaɗɗiyar fiya, ana ƙara masa kuɗi, kuma a ganina ba dole ba ne. Miyar yaji ka ɗanɗana da kan cokali tukuna. Koriyar ba kullum take da sanyi ba, wadda aka yi da habanero kuwa attaruhu ce sak.

Abin sha kada ka ɓata kuɗi a lemon kwalba. Ce a ba ka agua de jamaica. Zoɓo ne, namu na gida, kuma Meksiko na cikin manyan masu sayen zoɓon da ake nomawa a Jigawa da maƙwabtanta. Tamarindo ruwan tsamiya ne. Horchata ta shinkafa ce da kirfa, tana tuna min kunun aya.

In a kan tebur aka kawo maka, ka ƙara wa mai hidima kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin abincin. In a wurin biyan kuɗi ka karɓa da kanka, jefa dala ɗaya ko biyu a kwalbar da ke gaban mai kuɗi ya wadatar.