Yadda ake zaɓar keke da haɗa shi don kwalta da hanyar daji

Yawancin sababbin shiga da na gani kuskure iri ɗaya suke yi. Mutum zai je wurin masu kekunan gwanjo, ya hango wanda ke da shokzoba gaba da baya da giya 21, ya ƙirga kuɗi ya biya, bayan wata biyu kuma a tarar da keken jingine a zaure yana shan ƙura. Irin wannan keke mai araha nauyi gare shi, shokzobar baya tana shanye ƙarfin tuƙi a kan kwalta, a hanyar burji kuma ba ta daɗewa sai ta saki ta fara ƙara. Keken da zai kai mutum wurin aiki ranar Litinin, ya kuma bi da shi burtali ranar Asabar, daga taya ake fara lissafinsa, sauran kaya su biyo baya.

Mataki na farko shi ne samun firam, wato gangar jikin keken, wanda zai ɗauki taya mai faɗi. A wurina babu kamar tsofaffin kekunan hawan dutse na shekarun 1990, irin na Trek da Giant da Specialized, waɗanda jikinsu ƙarfe ne, ƙafar gabansu kuma sandararriya ce ba shokzoba. Ƙarfe idan ya tsage kowane mai walda zai iya ɗinke shi, alminiyon kuwa da ya tsage sai a yi haƙuri. A tsaya a kan keken ƙafafu biyu a ƙasa, a tabbatar akwai tazarar yatsu uku zuwa huɗu tsakanin jiki da sandar sama. A juya shi a duba ƙarƙashin wuya, domin nan ne fenti yake tattarewa idan an taɓa yin karo da shi. A kuma kwance sandar sirdi a gaban mai sayarwa, domin idan tsatsa ta manne ta, an sayi wahala. In akwai ramukan ɗaura kariyar ɗaukar kaya da madigadi, to, an yi dace.

Mataki na biyu shi ne wili da taya, kuma a nan ne na taɓa yin asara. Na samu wili mai kyau da aka ce mini inci 28 ne, na tafi kasuwa na sayo taya biyu da su ma aka rubuta musu 28, na dawo gida na shafe yammaci guda ina sa ta tana zamewa kamar zoben da ya fi ƙarfin yatsa. Sai da wani tsohon mai gyaran keke ya goge gefen tayar da babban yatsansa ya nuna mini wasu ƙananan lambobi, sannan na gane inda na kauce. Tayar da na sayo ta irin Raleigh da Phoenix ce ta da, wadda faɗin bakinta milimita 635 ne, wilin nawa kuwa 622 ne. Suna ɗaya, girma daban. Saboda haka a manta da inci, a karanta lambobi biyun nan da ke jikin kowace taya, misali 47-559. Na farkon kaurin tayar ne, na biyun kuma shi ne wanda dole ya yi daidai da wili. Inci 26 na kekunan dutse 559 ne, 27.5 kuma 584, sai 29 da 700C waɗanda dukkansu 622 ne. Ni 26 nake ba da shawara, saboda tayarta da tiyub ɗinta sun fi sauƙin samu idan aka yi faci nesa da gari.

Kaurin da ya dace da hanya biyu yana tsakanin milimita 40 da 50. Abin da ya gaza haka nutsewa yake yi a yashi, abin da ya wuce kuma jan ƙafa yake yi a kwalta. A zaɓi wadda tsakiyarta a shafe take ko mai ƙananan zane, haƙoran kuma suna gefe. Bayan an ɗaura, a bar aƙalla milimita 6 tsakanin taya da firam ta kowane ɓangare, in ba haka ba laka ta farkon damina za ta cushe wurin wili ya ƙi juyawa. Tsidau da ƙayar aduwa ba sa tausayin taya mai araha, don haka kuɗin da aka tsimi daga shokzoba a zuba shi a taya mai kariyar huji. Bawul kuma a ɗauki mai kauri irin na mota, wanda kowane mai faci a bakin titi zai iya ba shi iska. Wili ya kasance mai waya 32 ko 36.

Mataki na uku giya ne. Takwas a baya sun wadatar, kayansu sun fi araha, sarƙarsu ta fi juriya da ƙura. Sharaɗin kawai shi ne abin canza giya na hannu da haƙoran baya da sarƙa su zama na lamba ɗaya, kuma gara duk su fito daga gida ɗaya, kamar Altus ko Acera na Shimano. Wanda ya haɗa hannu mai bakwai da haƙora takwas zai yi ta juya sukurori har ya gaji, giyar ba za ta zauna ba. Kafin a ɗora wa kaya laifi, a tsaya ta baya a duba ɗan ƙarfen da ke riƙe da na'urar canza giya, domin a keken gwanjo sau da yawa a lanƙwashe yake zuwa.

Wajen haɗawa, a shafa giris a kowane zare da kuma sandar sirdi. Fedar hagu zarenta a juye yake, haka ma murfin dama na boris ɗin tsakiya, inda hannuwan feda suke juyawa, a yawancin waɗannan kekuna, kuma na ga mutum ya hau sufana da ƙafa yana ƙara ɗaurewa alhali kwancewa yake nufi. Tsawon sarƙa a auna shi a kan babban haƙorin gaba da babban na baya ba tare da ta bi ta na'urar giya ba, a ƙara gaɓa biyu. Birkin roba mai dogayen hannuwa ya isa, muddin an sa sababbin robobi da sabuwar waya. Sirdi a ɗaga shi har ƙafa ta miƙe idan diddige yana kan feda a ƙasa. Kada a ɗiga wa sarƙa baƙin mai, musamman da hunturu, domin da shi da ƙura sai su zama dutsen wasa. A sa mai mara kauri kaɗan, a goge da tsumma. Iska kuma a cika ta sosai don kwalta, da an sauka burji a rage kaɗan har taya ta ɗan lotsa idan an danna ta da babban yatsa.