Yadda ake goge zoben azurfa bayan zubi har ya yi ƙyalli

Maƙeran fari irin na Agadas kan yi siffar zobe ko abin wuya da kakin zuma, su lulluɓe ta da yumɓu, su narkar da kakin, su zuba azurfa a gurbinsa. In an fasa yumɓun, abin da ke fitowa baƙi ne mai kaushi, ga wutsiya ta inda ƙarfen ya kwarara. Daga nan aikin guga yake farawa, kuma ba ya son gaggawa.

Fara da wanki. Kankare ragowar yumɓu da tsohon burushin haƙori, sannan ka jiƙa alif a ruwan ɗumi cikin kwanon tangaran, ka tsoma zoben har baƙin ya saki. Baƙin nan daga jan ƙarfe yake, domin azurfar da ake buga wa lamba 925 tana da kashi 7.5 cikin ɗari na gauraye, galibi jan ƙarfe, shi ne wuta ke ƙonawa. Kada ka sa awartaki a ruwan, musamman ruwan da aka daɗe ana aiki da shi, baƙin ƙarfe zai sa zoben ya yi ja-ja. Tsamo shi da tsinke, ka ɗauraye da ruwan kanwa don kashe tsamin.

Sai ka yanke wutsiyar da ƙaramin zarto, ka bar ɗan tudu, ka cinye shi da magagari. Magagari a turawa yake ci, ba a jawowa ba. Shimfiɗa fata ko takarda a cinyarka tukuna, garin da ke zuba azurfa ne, da giram ake sayen ta.

Samfefa ita ce gundarin aikin, a nan kuma mafi yawan masu koyo suke ha'intar kansu. Ana bin lamba daga mai kaushi zuwa mai laushi: 320, 400, 600, 800, har 1200. Naɗe ta a jikin ɗan katako mai faɗi, in ba haka ba yatsa zai danne gefunan zoben su zama kumbul, zane ya ɓace. Duk lokacin da ka sauya lamba, sauya wajen da kake gogawa. In da 320 ka bi tsawo, da 400 ka gitta. Ta haka za ka gane ko layukan baya sun mutu. Ɗaga zoben a hasken rana ka juya shi. Ka ga layi ɗaya da ya saɓa wa sauran? Ba ka gama da wannan lambar ba. Man guga ba ya ɓoye karce, tona masa asiri yake yi.

Wani lokaci za ka ci karo da 'yan ramuka kamar bakin allura, aibin zubi ne. Kada ka bi su da magagari, sau da yawa wasu na ƙarƙashi. Murza wurin da santsin ƙarfe mai tauri har bakin ramin ya rufe, ka koma kan 600.

Yanzu sai man guga. Tripoli, mai ruwan ƙasa, shi ne na farko, ja da ake kira ruj shi ne na ƙarshe. Kowanne da ƙyallensa, kuma a wanke zoben da sabulu a tsakani, don ɓurɓushin na farko yana ɓata aikin na biyu. Cikin lungu da ƙananan huda, shafa man a zaren auduga, ka ɗaure bakinsa a ƙusa, ka zura zoben ka yi ta kai da kawowa.

Mai injin guga ya riƙe zoben a ƙasan tsakiyar faifan, ya rufe hanci da ido, ya naɗe hannun riga. Sarƙa kuwa ba a kai ta bakin inji ko kusa, tana naɗewa ta tafi da yatsa. Ita da hannu ake goge ta, a miƙe a kan katako.