Mai shan sigari zai tafi Saudiyya: inda aka hana, da yadda zai shirya

Tun daga gida ake fara lissafi. Kwastan na Saudiyya na barin matafiyi ya shiga da kara 200, wato katan ɗaya mai kwali goma. Abin da ya haura haka sai an bayyana shi, a biya haraji. Kada ka ce za ka saya a can da sauƙi. Tun 2017 aka ɗora wa taba harajin kashi 100 cikin 100, ba a sayar da ita kara-kara kamar a teburin mai shayi, kuma ba a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. A Makka da Madina ma, waɗanda aka ayyana biranen da babu taba tun zamanin Sarki Fahd, da wuya ka ganta a kantin da ke kusa da Harami.

Dokar hana shan taba ta 2015 ta lissafa wuraren: masallatai da harabarsu, asibitoci, makarantu, ofisoshin gwamnati, bankuna, gidajen mai, motocin haya, lif, da banɗakin jama'a. Tarar riyal 200 ce. Shisha da sigarin lantarki duk hukuncinsu ɗaya da kara. A filin jirgin Jidda ko na Madina, sai ɗakin da aka ware kaɗai. In ba ka ga alama ba, tambayi ma'aikaci; kada ka bi sahun wani da ka hango ya laɓe bayan gini.

Wahalar ba a tarar take ba, a tsawon jira take. Jirgi daga Kano awa huɗu zuwa biyar ne, ga layin fasfo, ga jiran kaya, sannan bas daga Madina zuwa Makka, tafiyar sama da kilomita 400. A nan ne sha'awa ke cin ƙarfin mutum ya shige banɗakin jirgi. Akwai na'urar gano hayaƙi a ciki, kuma wanda ta tona wa asiri yana iya sauka a hannun askarawa. Jirgin ƙasa na Haramain, mai zirga-zirga tsakanin Makka da Madina, ma haka. Maganin shi ne ka nemi cingam ɗin nikotin ko filastar da ake mannawa a damtse. Ana samunsu a manyan kantunan magani na can. Fara gwadawa mako biyu kafin tashi, domin wasu filastar na hana su barci, wasu kuma ta sa musu ƙaiƙayi. Mai ciwon zuciya ya fara ganin likita.

Sigarin lantarki kuwa a jakar hannu yake tafiya, ba cikin babban akwati ba, saboda batirinsa na iya kamawa da wuta.

A masauki, ko a unguwar Misfala ta Makka ne ko a Markaziyya ta Madina, tambayi mai kula da otal inda aka yarda a sha taba tun ranar farko. Ɗakin mutum huɗu ga na'urar sanyaya ɗaki, ƙofa a rufe, hayaƙi ba ya da mafita, kuma yawanci akwai dattijo mai tari a ciki.

Mina ce wurin da ba a wasa. Gobarar 1997 ta ci rayuka sama da 300, bayanta aka kafa tantunan da wuta ba ta saurin ci. Sai dai katifa, bargo da harami duk suna ci, ga jama'a kafaɗa da kafaɗa.

Mai Umarar azumi ya sani, ko yana da uzurin shan ruwa, ba a kunna sigari a bainar jama'a da rana. Wanda kuma yake zaune a ƙasar yana son dainawa, ya kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya, a haɗa shi da asibitin daina shan taba mafi kusa.