Kurakuran da aka fi yi da ruwan ƙazanta a ƙananan garuruwan Sakkwato

A garuruwa irin su Wurno, Goronyo da Wamakko, ruwan da ya fita ta rariya ba ya nisa. Ko ya kwanta a lambatu, ko ya gangara kududdufi, ko ya nutse ƙasa ya tarar da rijiya. Wannan na ƙarshe shi ya fi haɗari, don ta nan amai da gudawa ke shiga gida.

Babban kuskuren shi ne haƙa masai ko sokawe dab da rijiya, wai fili ya yi kaɗan. Ƙa'idar masana lafiya ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakaninsu, gindin ramin kuma ya tsaya mita 1.5 sama da ruwan ƙasa. A tudu abin da sauƙi. A fadamar Kogin Rima kuwa ruwa na kusa, balle a watan Agusta, don haka dogon rami kai tsaye yake zuba ƙazanta cikin ruwan sha. Can gara rami gajere, a ɗaga shi sama, a shafe cikinsa da siminti, a kuma sa shi ta gangare, ƙasa da rijiya.

Sai masu zuba kananzir ko baƙin mai a sokawe don kashe wari. Warin zai lafa kwana biyu, amma an kashe ƙwayoyin halittar da ke narkar da bahayar, ramin ya cika da wuri. Maganin wari bututun iska ne da ya wuce rufin ɗaki, da raga a bakinsa saboda ƙuda. Ruwan indararo ma kada a haɗa shi da sokawe, ruwan sama ɗaya ya isa ya sa ta ambaliya.

Inda ƙananan hukumomi ke sakaci shi ne wurin juye abin da motar kwasa ta ɗebo. In ba a ware wuri ba, a bakin fadama za a juye, kusa da lambun latas da albasa. Ƙaramin gari ba ya buƙatar injin tace ƙazanta da zai tsaya in an ɗauke wuta. Tafkuna uku a jere sun wadatar, nesa da gidaje: na farko mai zurfin kamar mita 3 inda dauɗa ke kwantawa, na biyu mita 1.5, na uku kamar mita 1, inda hasken rana ke kashe ƙwayoyin cuta. Rana kuwa, Allah Ya hore mana ita. Amma rami ɗaya da aka haƙa aka watsar ba matatar ruwa ba ce, gidan sauro ne. Dole a sa mai nome ciyawar gefe, yana tsame leda, a kuma riƙa kwashe laƙar tafkin farko in ta taru.

Ruwan mayanka da na majema kada a sake shi cikin lambatun gari yadda yake. A tare jini daban, a tara kayan tumbi a yi taki da su, duba-gari kuma ya riƙa leƙawa.