Shawara ga masu koyon kiɗa da ke da kyanwa ko kare a gida

'Yan'uwa mazauna Agege da Idi-Araba, ɗakunanmu na Legas ƙanana ne, sauti ba ya samun wurin fita. A hertz, wato ma'aunin siririntar sauti, jin kunnen mutum yana tsayawa wajen 20,000, na kyanwa kuwa ya wuce 60,000, shi ya sa ƙarar algaita da sarewa da goge za ta iya damunta.

Ku fara da minti 5, a hankali, ƙofa a buɗe don ta samu hanyar fita. In ta kwantar da kunnuwa baya ko ta shige ƙarƙashin gado, ku dakata. Kada ku jawo ta, za ta yi yakushi. Kare in ya ɗaga kai yana kuka, galibi amsawa yake yi. Amma in yana haki, yana rawar jiki, jela tsakanin ƙafafu, tsoro ne. Ku rage sauti, ku ba shi ɗan nama duk sanda ya natsu.