Shawara ga masu shanu kan buzuzu da allurar tsutsa

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman masu kiwo ta wajen Daura da Mai'adua. Don Allah a daina bari yara suna kashe buzuzu, aiki yake mana kyauta. Kuma ba iri ɗaya ba ne, wani gungura kashin shanu yake ya tafi da shi, wani rami yake haƙawa nan ƙarƙashinsa ya ja shi ciki, ƙananan kuma a cikin kashin suke zama. Masu ramin nan su ne gwanaye, taki ya isa saiwa, ruwan sama ya samu hanyar shiga ƙasa maimakon ya gudu, ƙuda da tsutsar ciki su rasa wurin hayayyafa. Ostireliya fa har daga Afirka suka ɗebo shi saboda kashin shanu ya rufe musu wuraren kiwo.

To matsalar ita ce allurar tsutsa ta ivermectin, tana fita a kashi ta kashe 'ya'yan buzuzu. In za ku yi kada ku yi wa garke duka a farkon damina lokacin da buzuzu yake fitowa, a zaɓi masu buƙata, a tsare su waje ɗaya kamar sati biyu a tara kashinsu daban. Ko ku tambayi malamin dabbobi ko maganin tsutsa na albendazole zai yi, shi bai cika taɓa buzuzu ba.