Yadda na gyara na'urar hana santsin taya bayan na canza inji

Na cire injin motata Mazda RX-8 na ɗora wani inji da ake kira LS3, V8 (mai silinda takwas) mai lita 6.2. Bugu ɗaya ya tashi, amma fitilar hana santsi ta kunnu ta ƙi mutuwa. Ranar da aka yi yayyafi na ɗan taka totur a kwana, bayan motar ya kwashe gefe. Hantar cikina ta kaɗa.

Da farko na zargi sensoci huɗun nan da ke auna gudun tayoyi. Na kwance su, na goge, ashe lafiyarsu ƙalau.

Matsalar tana layin CAN, wayoyi biyu da kwamfutocin mota ke magana ta kansu. Na cire batir, na ɗora mitar awon lantarki a fil na 6 da na 14 na soket ɗin OBD, inda ake jona na'urar binciken mota. Kamata ya yi in ga om 60, don rezista biyu (ƙananan kayan da ke rage gudun lantarki) masu om 120 kowace ke rufe bakunan layin biyu, in suna nan duka mita rabin haka take nunawa. Sai na ga 120. Ashe ɗaya ta tafi tare da tsohuwar kwamfutar injin da na ajiye a kwali. Na sayo wata, na liƙa da dalma, mita ta nuna 60.

Duk da haka da saura. Kwamfutar birki tana neman a rage ƙarfin inji idan taya ta fara zamewa, kwamfutar sabon injin kuwa ba ta jin yarenta. Sai da na saka ƙaramin akwatin fassara tsakaninsu. Yanzu in taya ta zame, ina jin injin ya ja baya da kansa.